Kwana 40 ruwa ba kifi: kundin sabon tankina

3 ga Maris, rana ta 1

Yau na zuba ruwa. Tsawon tankin santimita 60 ne, faɗi 30, tsayi 36. A lissafi ya kamata ya ci lita 65, amma da na ƙirga da bokiti, bayan yashi da itace da ɗan sararin da na bari a sama, lita 50 ya ɗauka. Da wannan 50 ɗin zan riƙa auna duk abin da zan ɗiga a ciki, ba da abin da aka rubuta a jikin kwali ba.

A ƙasa yashi ne, kaurin santimita 4. Itace biyu na sa. Ɗaya mopani ne, irin wanda ke fitowa daga kudancin Afirka, mai nauyi kamar dutse, yana taɓa ruwa ya nutse. Ɗayan wata busasshiyar saiwa ce mai siraran rassa, ita kam ta ƙi zama, sai da na danne ta da dutse. Tsirran ruwa iri uku na sa. Anubias da fan ɗin Java na ɗaure su a jikin itacen da zare, don in aka binne musu gindi a yashi ruɓewa suke yi. Vallisneria kuwa na dasa ta a baya. Filta mai ratayawa ce, da soso da zobban yumɓu a ciki. Hita na kan digiri 27. Na ɗiga maganin kashe kulorin kafin in kunna filtar.

Ruwan famfo kafin in taɓa shi: pH (ma'aunin tsamin ruwa) 7.2, KH (ma'aunin kabonet ɗin da ke hana ruwa yin tsami) 3, amoniya 0, naitirayit 0, naitiret wajen 5.

Kifi ba zai shiga ba sai tankin ya tsumu, wato sai ƙwayoyin da ke cinye gubar da kifi ke fitarwa sun kafu a ciki. Na yanke wannan tun kafin in sayi gilashin.

4 ga Maris, rana ta 2

Da safe na ga ruwan ya ɗan yi dishi-dishi, launin toka. Na ɗebi kofi ɗaya na gilashi na ajiye a inda ba a taɓawa, zuwa yamma wata 'yar ƙura ta kwanta a gindin kofin, saman ya yi garau. Ƙurar yashi ce, duk da wankin da na yi masa. Na sa audugar tace ruwa a kan soson.

Na ɗiga amoniyam kuloraid har gwaji ya nuna amoniya 2 ppm, wato miligiram 2 a kowace lita. Wasu abincin kifi suke zubawa su bar shi ya ruɓe, amma ni ban so haka ba, saboda ba za ka san yawan amoniyar da ka sa ba, kuma ruɓar kan ƙara wa ruwa datti.

Bari in rubuta abin da nake jira, don in na ƙosa in dawo in karanta. Kifi yana fitar da amoniya kullum, mafi yawanta ta wurin da yake numfashi, sauran ta kashi da ragowar abinci. A kogi ruwa ne ke tafiya da ita. A gilashi ba inda za ta je, kuma guba ce. Akwai wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, su ke cin amoniya su mayar da ita naitirayit, wato NO2. Shi ma guba ne, yana shiga jinin kifi ya hana shi ɗaukar oksijin, har jinin ya koma ruwan ƙasa. Sai wasu ƙwayoyin dabam su ci shi su mayar da shi naitiret, NO3, wanda kifi ke iya jurewa in bai taru ba, tsirrai su sha wani, canjin ruwa ya kwashe saura. Duk waɗannan ƙwayoyin ba yawo suke yi a ruwa ba, mannewa suke a soso da yumɓu da yashi. Su nake reno a yanzu, amoniyar da na ɗiga abincinsu ce.

6 ga Maris, rana ta 4

Ruwan ya yi fari kamar an ɗiga masa madara. Wannan ba irin na shekaranjiya ba ne. Na maimaita gwajin kofi, har dare babu abin da ya kwanta. Audugar ma ba ta kama komai ba.

Amoniya 2, naitirayit 0.

7 ga Maris, rana ta 5

Ya ƙaru. In na tsaya a gefe ɗaya na tankin ba na hango ɗaya gefen. Vallisneria ta ɓace a baya gaba ɗaya. Sannan ga sabon abu: wani farin yauƙi ya fito a jikin saiwar, ya fi yawa a inda aka yanke rassan, kamar jiƙaƙƙiyar auduga. In ruwan filta ya buge shi sai ya riƙa lilo. Mopani bai yi ba sai ɗan kaɗan a wata tsaga.

Raina bai kwanta ba. Na kwashe makonni ina tsara yadda tankin nan zai kasance, yau ko kallonsa ba na son yi.

8 ga Maris, rana ta 6

Na kasa haƙuri. Na zuƙe rabin ruwan da mesa, na fito da saiwar na goge ta tas da buroshin haƙori, na wanke soson filta a ƙarƙashin famfo, na zuba sabon ruwa, na cika amoniyar ta koma 2. Da dare ruwan ya yi sauƙi sosai, har ina ganin ganyen Anubias.

9 ga Maris, rana ta 7

Farin ya dawo, kamar ban taɓa komai ba. Na zauna na karanta abin da ya kamata in karanta kafin in ɗauki mesa.

Ƙwayoyin da suka mayar da ruwan fari ba su ne waɗanda nake reno ba. Su masu cin ruɓa ne, suna rayuwa a kan duk wani abu mai narkewa da ya fito daga tsiro ko dabba: zaƙin da ke tsattsafowa daga sabon itace, ganyen da ya mutu bayan dashe, da makamantansu. Suna iya zama a cikin ruwa ba tare da sun manne ko'ina ba, kuma in sun sami abinci wasunsu kan ninka kansu cikin ƙasa da awa ɗaya. Masu cin amoniya kuwa sai su kusan kwana ɗaya, wani lokaci fiye, kafin ɗaya ta zama biyu. To a sabon tanki, inda babu wanda ya riga ya kafu, dole masu saurin su cika wuri tukuna. Da na cire rabin ruwa, rabin ƙwayoyin kawai na cire, sauran suka cike gurbin a dare ɗaya, tunda itacen da ke ciyar da su yana nan daram.

Wankin soso shi ne ya fi damuna. Kulorin da ke ruwan famfo an sa shi ne don ya kashe ƙwayoyi, bai san mai amfani da marar amfani ba. Ɗan abin da ya fara kafuwa a soson cikin kwana biyar ɗin nan, mai yiwuwa na wanke shi da hannuna. Abin da ya rage min shi ne zobban yumɓun, da ban taɓa su ba, da kuma abin da tsirrai suka zo da shi a jikinsu. Sauri ya haifi nawa. Daga yau soso ba zai ga wani ruwa ba sai wanda na zuƙo daga tankin a bokiti.

11 ga Maris, rana ta 9

Yauƙin saiwa ya dawo, ya ma fi na da kauri. A wasu rassan ya yi kamar rabin santimita, ya naɗe su kamar riga. Na taɓa shi da yatsa, yana da santsi, yana sulɓewa a dunƙule. Da na fito da ɗan guntu na shinshina, warin danshi ne irin na ruɓaɓɓen ganye, ba irin na ruɓaɓɓen ƙwai ba. Da warin ƙwai na ji, da na san wani wuri ya toshe ba iska, wannan kuma matsala ce dabam.

Taron bakteriya ne da dangin fumfuna suke cin zaƙin da ya rage a cikin itacen. Shi ya sa ya fi yawa a bakin yanka, nan ne cikin itacen ya buɗe. Shi ya sa kuma saiwar, mai taushi da haske, ta fi mopani, wanda yake da tauri ƙwarai. Gogewar da na yi ba ta taɓa abin da ke ciki ba. Da na jiƙa saiwar a bokiti mako biyu kafin in sa ta, ina canja ruwan, ko na tafasa ta, da a can za ta zubar da mafi yawan wannan. Yanzu kam ta riga ta shiga, ga tsirrai ɗaure a jikinta, ba zan sake tayar da tankin ba.

Abu biyu kawai na yi. Inda yauƙin ya hau ganyen Anubias na zuƙe shi da siririyar mesa, don kada ya tare masa haske. Sannan na sa dutsen iska. Waɗannan masu cin ruɓar suna shan oksijin da yawa, masu cin amoniya su ma ba sa aiki sai da shi, ga ruwa mai ɗumi bai riƙe iska kamar mai sanyi. Ba na so a yi rububin iska a ci da waɗanda nake jira.

Amoniya 2, naitirayit 0.

14 ga Maris, rana ta 12

Na kwanta jiya ruwan na fari, na tashi yau ina ganin kowace ƙwayar yashi. Ban yi komai ba. Abincinsu ya ragu, suka ragu.

Da farin ya tafi sai wani launi ya bayyana wanda da ya ɓoye: ruwan ya yi ɗorawa-ɗorawa mai ɗan ja. Wannan aikin mopani ne, tanin yake saki, irin sinadarin nan na ɓawon itace da ake jeme fata da shi. Ruwan garau yake, rini kawai ya sha. Gawayin tace ruwa zai iya cire shi, amma ni yana burge ni haka, kuma kifin da nake son sawa daga irin wannan ruwan asalinsu yake.

'Yata ta zo ta manna fuska a gilashi ta ce, "Baba, ai ruwan ya wanke, yau za a kawo kifin?" Na ɗauko kwalbar gwaji na ba ta ta ɗiga da kanta, ta ƙirga ɗigon, muka jira minti biyar. Ruwan kwalbar ya koma kore. Na nuna mata katin launi, na ce kifi sai ranar da wannan ya tsaya a ɗorawa. Ta ce to gobe ma ita za ta ɗiga.

Yau ne ranar da na fi fahimtar yadda mutane ke asarar kifin farko. Tankin bai taɓa yin kyau irin na yau ba, amoniya kuma tana nan 2 cif, ko motsi ba ta yi ba.

17 ga Maris, rana ta 15

Kwalbar naitirayit ta bar shuɗi ta ɗan karkata zuwa shunayya: 0.25. Amoniya tsakanin 1 da 2. Na maimaita gwajin don in tabbata, haka ya sake fitowa. Na yi murna ƙwarai.

20 ga Maris, rana ta 18

Amoniya 0.25, naitirayit 2 ko sama. Na sake ɗigawa ta koma 2. Yauƙin saiwa ya fara canja launi daga fari zuwa toka, yana saɓulewa guntu-guntu, filta na janye shi. Na canja audugar, ban taɓa soso ba.

23 ga Maris, rana ta 21

Yanzu 2 ppm na amoniya ba ta kwana. Jiya na ɗiga, yau sifili, na sake ɗigawa. Naitirayit ya wuce ƙarshen katin, ɗigon na taɓa ruwa yake zama shunayya mai duhu tun kafin in girgiza.

Wannan hawan ba abin mamaki ba ne in aka yi lissafi. Ƙwayar naitirojin ɗaya ce ke tafiya daga amoniya zuwa naitirayit, amma ta ɗauki oksijin biyu ta ƙara nauyi, don haka 1 ppm na amoniya kan zama kusan 2.7 na naitirayit, daga baya kusan 3.6 na naitiret. Rukuni na biyu kuma, masu cin naitirayit, ba su sami abin ci ba sai rana ta 15, dole su kasance a baya.

Cikin jiran nan na bi tarihin abin. Sergei Winogradsky ne, wani masanin ƙwayoyin halitta, wajen 1890 a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan, ya nuna cewa ƙwayoyi ne ke wannan aiki mataki biyu, kuma daga aikinsa sunayen Nitrosomonas da Nitrobacter suka fito. Shekara ɗari littattafan kiwon kifi na maimaita waɗannan sunaye biyu. Sai a 1998 Timothy Hovanec da abokan aikinsa suka duba tankunan ruwan daɗi da kansu, suka tarar Nitrospira ce ke cin naitirayit a ciki, ba Nitrobacter ba. Daga baya aka gano cewa a filtoci da yawa wasu halittu da ake kira arkiya, waɗanda ba bakteriya ba ne ma, suna da babban hannu a cin amoniya. A 2015 kuma aka sami wasu nau'in Nitrospira da ke yin matakan biyu su kaɗai. Soson nan nawa mai araha, abin da ke cikinsa har yau ana kan bincikensa. Na fi ganin girmansa yanzu fiye da ranar da na kai shi bakin famfo.

26 ga Maris, rana ta 24

Wani abu ya tsaya. Ranar 24 ga wata na ɗiga amoniya, washegari ta kusan ƙarewa, na ƙara. Yau tana nan 2.

27 ga Maris, rana ta 25

Har yanzu 2. Hita na aiki, filta na gudu, iska na tashi. Ban wanke komai ba, ban sa wani magani ba.

Na kira wani abokina da ya daɗe yana kiwon kifi, na karanta masa lambobin tun daga farko. Ya saurara har na gama, sai ya ce, "Malam, tun ranar farko ban ji ka sake ambaton pH ba. Je ka auna, ka auna KH ma."

pH 6.0, kuma nan ne ƙarshen katina ta ƙasa, wato yana iya fin haka sauka. KH kuwa ɗigon farko ya juya launi, kusan babu ke nan.

Ga abin da ya faru. Duk lokacin da ƙwayoyin suka ci amoniya suna sakin asid a ruwa. KH shi ne ma'aunin kabonet ɗin da ke shanye wannan asid ya hana pH faɗuwa. Kowane miligiram ɗaya na naitirojin da aka sarrafa yana cinye kusan miligiram 7 na wannan kariya, digiri ɗaya na KH kuma kusan 18 ne a lita. Da na buga lissafin, kowane ɗigon 2 ppm yana cin fiye da rabin digiri. Na fara da 3. Ɗigo biyar sun isa su share shi, ɗigo biyar ɗin kuwa na yi, a jere, ina jin daɗin yadda amoniya ke ɓacewa. Tanin ɗin mopani ma ya ɗan taimaka wajen jan pH ƙasa, amma ba zan ɗora masa laifin ba, nasa kaɗan ne. Da kariyar ta ƙare pH ya rufto, ƙwayoyin kuma a irin wannan tsami aikinsu kan yi rauni ƙwarai, ga shi kabonet ɗin ma daga shi suke samun abin gina jikinsu.

Lambar nan tana rubuce a shafin farko na wannan kundin. KH 3. Da na san ma'anarta da na riƙa auna ta duk bayan ɗigo biyu.

Na canja kashi 60 cikin 100 na ruwan, da maganin kulorin, a ɗumi ɗaya da na tankin. Na narka giram 3 na sodar yin burodi, wato sodiyam baikabonet, a kofi na zuba a hankali. A lita 50, giram ɗaya da rabi na ɗaga KH digiri ɗaya. Bayan awa biyu: KH 4, pH 7.4. Na iya yin wannan gaba ɗaya ne don babu kifi a ciki. A ruwa mai tsami kusan duk amoniya tana zama a sigar amoniyam, mai sauƙin guba. In pH ya hau, rabon mai gubar na ƙaruwa, kusan ninki goma tsakanin 7 da 8. Da akwai kifi, wannan gyaran da kansa zai iya kashe su.

Don in san inda naitirayit yake da gaske, na haɗa awo ɗaya na ruwan tanki da awo tara na ruwan famfo na gwada. Ya nuna 1, wato wajen 10 ke nan bayan canjin ruwa. Kafin canjin ya haura 20. Na cika wa rukuni na biyu tulin da ba su da yawan da za su cinye. Daga yanzu amoniya 1 ppm kawai zan riƙa ɗigawa, bayan kwana bibbiyu.

29 ga Maris, rana ta 27

Amoniyar da ta rage ta tafi. Ba su mutu ba, tsayawa suka yi. Na ɗiga 1.

1 ga Afrilu, rana ta 30

Wata ƙura mai ruwan ƙasa ta rufe gilashi da yashi da ganyen Anubias. Yatsa na shafe ta cikin sauƙi. Dayatom ce, wata irin gansakuka mai gina ɓawonta da silika, sananniya a sabon tanki. Na goge gilashin gaba kawai, na shafe ganyen, na rage fitila daga awa 8 zuwa 6. Ta gefe da ta baya na bar ta da gangan, akwai masu zuwa da za su so ta.

Saiwa ta kusan tsarkaka. Abin da ya rage na yauƙin wasu 'yan zare ne masu launin toka a ƙarƙashin rassa biyu. Tun ranar 8 ga Maris buroshi bai sake taɓa ta ba.

Na gwada naitiret ya nuna ja sosai, amma ban rubuta lambar ba. Gwajin yana fara mayar da naitiret naitirayit ne sannan ya auna, don haka muddin akwai naitirayit da yawa a ruwan, da shi yake haɗawa. Kwalba ta biyu ta wannan gwajin kuma tana son girgiza mai ƙarfi, don garin da ke cikinta kwanciya yake a gindi. In ba a girgiza ba sai ta nuna ƙasa da gaskiya.

KH tsakanin 3 da 4, pH 7.2.

4 ga Afrilu, rana ta 33

Gwajin gauraye ya nuna 0.5, wato naitirayit wajen 5 ke nan. Yana sauka.

6 ga Afrilu, rana ta 35

Jiya 1, yau shuɗi tsantsa. Kwana ashirin yana sama, ya faɗo cikin kwana uku. Haka ninkawa take: kwanaki ana ganin kamar babu abin da ke faruwa, alhali 'yan kaɗan ne ke zama biyu, biyu ke zama huɗu, sai a ƙarshe ninki ɗaya ko biyu su share komai. 'Yata ce ta ɗiga na yau, ta ruga da kwalbar tana nuna wa mamanta.

Na ce mata saura jarrabawa. Na ɗiga 2 ppm na amoniya da ƙarfe 8 na dare.

7 ga Afrilu, rana ta 36

Bayan awa 24: amoniya 0, naitirayit 0.5. Bai ci ba. KH ya sauka 2, na ƙara giram ɗaya da rabi na soda, na jira zuwa gobe.

10 ga Afrilu, rana ta 39

Sau biyu a jere, 2 ppm ta koma sifili da sifili, amoniya da naitirayit, cikin awa 24. Naitiret, da yanzu zan iya yarda da shi, yana tsakanin 40 da 80 a katin. Vallisneria ta aiko da 'ya'ya biyu ta ƙarƙashin yashi, Anubias ta buɗe sabon ganye.

11 ga Afrilu, rana ta 40

Na canja kashi 70 cikin 100. Naitiret ya dawo wajen 20. Ban ƙara soda ba a wannan karon, ina so kifi su saba da ruwan da za su riƙa samu kowane mako, ba wanda na gyara da hannu ba. Ƙananan kifi takwas ba za su fitar da abin da ya kai 2 ppm a rana ba, don haka canjin kashi 30 duk mako ya kamata ya riƙe KH. Zan dai riƙa aunawa, ba zan ɗauka a ka ba. Na sauke hita zuwa 25. Na matse soso sau biyu a ruwan bokitin da na zuƙo, ruwan ya yi baƙi-baƙi, na mayar da shi wurinsa.

12 ga Afrilu, rana ta 41

Rasbora takwas, masu baƙin tambari mai kusurwa uku a gefe, 'yan asalin rafukan daji na kudu maso gabashin Asiya, inda ganye da itace ke rina ruwa. Da katantanwar nerait biyu. Na kashe fitila, na bar ledar tana iyo minti 20, na riƙa ƙara mata ruwan tanki kaɗan-kaɗan, sannan na kwashe su da raga. Ruwan ledar bai shiga tankina ba.

Sun shigo a koɗe, suka taru a ƙarƙashin saiwa. Zuwa dare jan jikinsu ya fara dawowa, kuma a ruwan nan mai rinin mopani ya fi fitowa fiye da yadda na gan su a farin ruwa. Ban ba su abinci ba yau. Katantanwa ɗaya ta riga ta ja layi mai tsabta a gilashin baya.

16 ga Afrilu, rana ta 45

Kullum da safe ina gwadawa: amoniya 0, naitirayit 0. Yau KH 3, pH 7.0, naitiret wajen 20. Abinci sau ɗaya a rana, abin da za su gama cikin minti ɗaya.

Na ɗaga dutsen da ke danne saiwa don in ga ko ta sha ruwa. Ta zauna, ba ta taso ba, sai na cire shi. Inda yake zaune itacen ya fi haske, ruwa bai taɓa ratsa wurin sosai ba. Da yamma na ga wani ɗan farin yauƙi, bai kai faɗin farce ba, ya fara fitowa daidai wurin. Na zuba masa ido na ɗan lokaci, na bar shi. Ɗaya daga cikin katantanwar tana kan reshen, kamar santimita 5 tsakaninsu.

Canjin ruwa na farko da kifi a ciki ranar 18 ga wata ne. Zan auna KH kafin canjin da bayansa.